Yaya, maganar hoton nan da kuma Auta

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Umma? Na turo fam 150 jiya, a fara cire na maganin hawan jininta kafin komai, ragowar kuɗin makarantar Auta ne. Don Allah kar a taɓa shi a hidimar bikin nan.

To maganar hoton nan nawa da aka gani a Facebook. Inna ta kira ni tana kuka wai an ce na fara zuwa wajen bautar Indiyawa. Subhanallahi! Titi ne fa Yaya, Belgrave Road a nan garin Leicester na Ingila, fitilun Diwali, bikin mabiya addinin Hindu, aka kunna muka bi ta nan bayan mun tashi aiki. Wanda ke gefena dattijon nan ne da nake ba ka labari, Kaka muke ce masa, a yarensu na Gujarati baffa kenan. A Uganda aka haife shi, yana yaro Idi Amin ya koro su a 1972. Shi ke riƙe min aiki duk Juma'a in je masallaci, ko sau ɗaya bai taɓa yi min gori ba.

Abin da ya ƙona min rai Auta ne, ya shiga ƙarƙashin hoton a Facebook ya rubuta da turanci wai masu bautar saniya, kuma ɗan Kaka ya gani. Ran Litinin ko ido na kasa haɗawa da mutumin. Ka sa shi ya goge, ya ba da haƙuri. In ya ce addini yake karewa ya buɗe Suratul An'am aya ta 108, wadda ta hana zagin abin da wasu ke bautawa.

Ni ma ba wai na fi shi ba ne, farkon zuwana na buɗe kilishin da kuka aiko a ɗakin hutu, Kaka ya tashi ya fita, na yi dariya na faɗi wata magana, sati biyu ko gaisuwa babu. Shi babba shi ya kawo min shayi mai citta ya ce in tambaye shi duk abin da nake so amma ban da dariya. Muka yi ta musu, yana nan kan nasa ina kan nawa. A nan na san su ma ba bakinsu ɗaya ba, shi ko ƙwai ba ya ci, surukinsa har albasa da tafarnuwa ya bari, wasu kuma kaza suke ci hankali kwance. Na ce masa ba na cin abin da aka kai gaban gumakansu, yanzu matarsa sai ta ware min nawa tun a tukunya.

Garin nan na Leicester ya ga abin da baki ke jawowa, a 2022 bayan wasan kurket na Indiya da Pakistan matasan Hindu da musulmi suka yi ta arangama, ƙarya na yawo a waya, aka kama mutane da yawa, sai da manyan ɓangarorin biyu suka tsaya tare a ƙofar masallaci suka karanta sanarwa ɗaya. Auta yana can yana danna waya da datar da ni nake saka masa, ni ke zaune da su.

Sanyi ya shigo amma da sauƙi, ƙafar ce dai kawai da dare. Na san na daɗe ban kira Umma ba, kunya nake ji wallahi, ka ce mata sallata tana nan, Lahadi zan kira in sha Allah. Maganin ta tukun Yaya, ka turo min hoton rasit. Auta kuma ya goge yau, ba gobe ba.

Ƙaninka