Ɗaukewar wuta ba kashe inji ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu injin fiƙar ƙarfe, musamman iyayen gida da aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane. Shekarata 22 ina wannan sana'a a Sabon Garin Zariya, muna fiƙe shaf da bushi na injin niƙa da na ban-ruwa, amma abin da na gani a shagon maƙwabcina makon jiya ya hana ni barci.

Suna cikin aiki wuta ta ɗauke. Maigidan zai tafi sallar azahar, sai ya ce wa yaronsa ya sauke cak, wato bakin da ke riƙe ƙarfe, mai haƙora uku, ya ɗora mai haƙora huɗu kafin ya dawo. Yaro ya ga inji shiru, ya zura makullin kwance cak ɗin ya kama aiki. Ashe makunni yana kunne tun ɗazu. Kwatsam aka dawo da wuta. Makullin ya fizge ya huda kwanon rufi, yaron kuma muka kwashe shi zuwa asibitin Shika da karyayyun yatsu biyu. Allah ya taƙaita, da fuskarsa tana saitin wurin da yanzu zancen daban ne.

Ni maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda ka taɓa cak sai ka kashe babban makunnin bango, ka zare fis ka jefa a aljihunka, ko da garin duka babu wuta. Sannan ka shimfiɗa katako a kan gadon injin, wato dogon ƙarfen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin cak. Cak mai inci 10 ya haura kilo 20, kuma da ya bar mazauninsa nauyin nan gaba ɗaya yake faɗowa. In babu katako, ko dai yatsunka su tafi ko gadon ya lotsa, gadon da ya lotsa kuwa ya daina ba ka aiki madaidaici. Babba kam mutum biyu ke ɗaukarsa, a zura sanda ta tsakiya.

Wurin ɗorawa ne ake gane wanda ya koyu. A share mazaunin da buroshi, ba da yatsa ba, domin ɓarɓashin ƙarfe kaifi gare shi, kuma ƙwaya ɗaya tak in ta maƙale a baya sai ka ga aiki yana rawa. Cak ɗin da ake murɗawa a kan zare irin na noti, da hannu ake shigar da shi har ya zauna. Na sha ganin masu kunna inji wai ya ƙarasa ɗaure musu, raina yana ɓaci matuƙa. Irinsa kuma in aka juya injin baya da ƙarfi yana iya kwancewa ya yi tsalle. Bayan an ɗaure, a zare makulli, a juya da hannu sau ɗaya a ga haƙoran ba su taɓa komai ba, a naɗe hannun riga, sannan a tayar da injin a hankali.

Roƙona ga iyayen gida: yawancin injinanmu tsofaffi ne 'yan Ingila, wasu an canja musu makunni da irin wanda ke zama a kunne. Akwai makunni mai maganaɗisu, wanda da wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ba ya sake tashi sai an danna koren maɓalli. Duk mai gyaran lantarkin da ya san aikinsa zai haɗa maka. Na sa a injinana biyu, maƙwabcina ma jiya ya kira a sa masa.

Naka,
Wani mai fiƙar ƙarfe,
Sabon Gari, Zariya.