Riƙon yara: alƙalai su riƙa rubuta abin da za a yi in uwa ko uba zai bar gari

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan riƙon yara bayan saki, musamman in kotu ta riga ta yanke hukunci sannan wanda yaran ke hannunsa ya tashi zai koma wata jiha.

A kotunan shari'a na nan jihar Katsina da mazhabar Malikiyya ake hukunci, kuma abin a fili yake, uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta auri wani bare riƙon ya koma hannun kaka ta wajen uwa, uba kuma ciyarwa da sutura da magani suna wuyansa ko yaran na ina. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne maganar ƙaura. Malamai sun ce in uwa za ta tashi ta koma wani gari da zama, ba ziyara ko fatauci ba, kuma nisan ya kai baridi 6 (baridi ma'aunin nisan tafiya ne, ai a baridi 4 ake ƙasaru, to baridi 6 ya haura kilomita 120), uba na iya neman a ba shi yaransa. Haka in uban ne zai ƙaura yana iya tafiya da su, da sharaɗin hanya da garin da za shi akwai aminci.

To ka ga nisa ake dubawa, ba iyakar jiha ba. Macen da ta tashi daga Daura ta koma Kazaure ta shiga Jigawa amma ba ta yi nisa ba, wadda ta koma Funtua kuwa tana cikin Katsina amma ta wuce wannan ƙa'ida nesa ba kusa ba. Sai ka ji namiji na ta kumfar baki wai ta fitar masa da 'ya'ya daga jiha alhali Kazauren ce kawai, mota ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne takardar hukuncin da ake ba mutane, layi biyu ne, an bar wa uwa riƙo uba zai riƙa ba da kaza duk wata, shikenan. To in an yi mata transfa zuwa Abuja fa, ko iyayenta sun koma Kaduna ita kuma ba ta da wajen zama sai gabansu? Nan ake fara ɓarna wallahi. Wata tsoron kar a ƙwace mata yara sai ta kwashe su da asuba ta canza layi, uba ya yi ta yawo da sammaci ba wanda zai kai wa. Wani uban kuma da ma neman hanya yake, yana jin ta tashi sai ya yanke kuɗin abinci da na makaranta, ko ya karɓe yaran ba don yana da lokacinsu ba, ya jibge su gun matarsa da ba ta ƙaunar ganinsu. Yaro ɗan shekara 5 me ya sani a wannan rigimar?

Roƙona ga alƙalanmu, tun ranar hukunci a rubuta komai. Duk mai son tashi ya dawo kotu tukuna ya faɗi inda za shi, a rubuta inda yara za su yi dogon hutu da sallah, wa zai biya kuɗin mota, a kuma rubuta ƙarara cewa ciyarwa ba ta faɗuwa don uwa ta canza gari. Kuma kafin a raba yaro da uwarsa saboda nisa a duba hannun wa zai faɗa, don yanzu akwai waya akwai mota, zuwa Abuja yini ɗaya ne. Malamanmu ma dan Allah a riƙa taɓo babin nan a wa'azi da huɗuba, mata da yawa ba su san in sun je kotu da kansu kafin su tashi ana iya yin sulhu a bar musu yaransu ba.

Daga wata malamar firamare, Daura.