Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya na Kamaru: na'ura ta gano ciwon Baba, saura maganin

Zuwa ga Mai Girma Dokta Manaouda Malachie,
Ministan Lafiya, Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mai gyaran waya ne a Garwa, shekarata 16 ke nan a rumfa ɗaya. Na san takardun ofishinka da Faransanci ko Turanci suke zuwa, amma da gangan na rubuto da Hausa. Kai ɗan Arewa Mai Nisa ne, ba za ka rasa mai karanta maka ba. In kuma sai da ka ɗan jira kafin a samo shi, ka yi mini afuwa, ka ɗanɗani kaɗan daga abin da tsohuwa ke ji ne in an miƙa mata takardar magani da harshen da ba ta taɓa zama a aji ta koya ba.

Kwanakin baya yaran rumfata suka taru a kan wani bidiyo na Japan, wai ga mutum-mutumi yana ɗaga tsoho daga gado yana ɗora shi a keke. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Maigida, da za a kawo mana irin wannan ai da Baba ya huta." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta kwana a raina. Japan ƙasa ce da kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, dole su nemi dabara. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne tun shekarar 2000 suka kafa inshorar kula da gajiyayyu, wadda duk wanda ya kai shekara 40 yake zuba mata kuɗi. Sai da suka tanadi wanda zai biya, sannan suka shiga maganar ƙarfe mai ɗaga mutum.

Za a ce mu ƙasar yara ce, fiye da rabinmu ba su kai shekara 20 ba, me ya haɗa mu da matsalar Japan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi za su kasance. Wanda zai cika 60 a 2050 an haife shi a 1990. Ga shi can a kan moto yana neman fasinja a Rumde Ajiya, ko yana dakon buhu a kasuwar Lahadi ta Pitowa. Ba shi da fansho. Hukumar fansho ta CNPS ta buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu tun 2014, amma a duk layinmu na masu gyara babu mai zubi ko ɗaya, har da ni mai wannan surutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, Ranka ya daɗe.

Bari in gaya maka yadda tsufa ya shigo gidanmu. Mahaifina tela ne, ya yi shekara 40 yana taka keke. Wata rana cikin Afrilu, a irin zafin nan na Garwa da ke wuce digiri 40, yana alwalar Azahar sai buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace, magana ta koma gurnani. Muka ɗora shi a moto, ni a baya ina riƙe da shi, ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa har takalmin ya fita ban sani ba. A asibiti aka ɗaura masa abin awon jini a damtse. Malamar asibitin ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce yaushe rabon a auna shi? Na rasa amsa, domin ba a taɓa ba. Hawan jini ne da ya yi shekaru yana cinsa a ɓoye, ya ƙare da shanyewar ɓarin jiki.

Bayan an sallame mu na sayi na'urar awon jini mai batir. Kuɗinta bai kai na ƙaramar waya mai shafawa ba. Yanzu kullum bayan sallar Asuba ina auna Baba a zaure, in rubuta a littafin 'yan makaranta. Da tsofaffin unguwa suka ji labari sai suka fara biyowa daga masallaci, kowa yana naɗe hannun riga. A wata na farko na samu mutum 5 da lambarsu ta tayar mini da hankali, na tura su asibiti. Uku sun je, an rubuta musu magani. Guda ɗaya ne kawai har yanzu yake sha. Sauran sun sha na wata guda, kai ya daina ciwo, kuɗi ya ƙare, suka koma ga zoɓo da tafarnuwa. Ɗaya ma ya daina zuwa awon, ya ce mini, "Ɗana, in ba ni da na magani, gara kada in sani."

A kan wannan maganar tasa nake so ka tsaya. Na'ura ta yi aikinta, ta faɗi gaskiya. Amma a ƙasar da wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, gano ciwo kawai ƙarin tashin hankali ne ga talaka.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, an yi abubuwa. Takardar Chèque Santé ta mata masu ciki, ta sefa 6,000, da aka fara a jihohin Arewa uku ta sa matan unguwarmu da yawa zuwa awon ciki da haihuwa a asibiti, matata ma ta ci moriyarta. A Afrilun 2023 kun ƙaddamar da kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa a Manju, kuma a ciki wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara, bayan da ana biyan 5,000 duk zuwa ɗaya. Ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Allah ya saka. To amma duba: hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda. Gwamnati ta ɗauki nauyin injin wanki mai tsadar gaske, ta bar wa tsoho ƙwayar da zai riƙa haɗiya kullum don kada ya kai ga injin. Roƙona na farko ke nan, kuma in shi kaɗai za ka ɗauka daga wasiƙar nan ya ishe ni: a kashi na gaba a sa awo da maganin hawan jini da na suga ga duk wanda ya kai shekara 60, a cibiyar lafiya mafi kusa da gidansa.

Kada a ɗauka ni mai ƙin fasaha ne, da ita nake cin tuwo. Ina alfahari da Arthur Zang, ɗan ƙasar nan da ya ƙera Cardiopad, allon da malamin asibiti a ƙauye zai auna bugun zuciya da shi ya aika wa likitan zuciya a birni ta layin waya, har ya ci kyautar injiniyoyin Afirka a 2016. Tunanin abin ya dace da mu, domin wanda ya taɓa raka marar lafiya daga Garwa zuwa Ngaundare a mota, ya hau gangaren Mbe, sannan ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde don ganin likita na minti 15, ya san darajar a ce sakamako ne zai yi tafiyar ba tsoho ba. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar da ke karanta hoton ƙirji don gano tarin fuka. Jirage marasa matuƙa na Zipline suna kai jini asibitocin Ruwanda tun 2016, sun shiga Gana a 2019, sun iso Kaduna a 2022. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2024 ta yanke hanyoyi a Yagwa da Logon da Shari ba zai ce ba mu bukatar irinsu ba. Yanzu kuma ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira da za ta duba hoton ido ta faɗi ko suga ya fara ɓata shi. A kawo duka.

Sai dai a tambayi masu gyara kafin a sa hannu a takardar saye. Abu uku ke kashe na'ura a Arewa: ƙura, zafi, da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta. In na buɗe waya a lokacin hunturu, ƙurar da nake kakkaɓowa ta isa a shuka gero. Batir kuma a zafin bazara kumbura yake kamar fanke. Na taɓa shiga wata cibiyar lafiya a ƙauye, ba zan faɗi sunanta ba, na ga na'urar da aka kawo kyauta daga waje an rufe ta da zane kamar amarya. Abin da ya lalace a cikinta ɗan ƙaramin abu ne a wajen caji, irin wanda nake canzawa sau goma a wuni, amma an ƙera ta yadda ba mai iya buɗewa sai kamfanin, kamfanin kuwa yana Turai. Don Allah duk na'urar da za a saya a sa sharaɗin kayan gyara da koyar da yaranmu. Muna da hannu, aikin ne ba a ba mu.

Ga kuma wuta. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 megawat 72 aka yi ta ta bayar, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa a nan ya san abin da ke biyo baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, amma har gobe akwai masu ciwon suga da ke ajiye allurar insulin a cikin tulu, a binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi, saboda ba firji. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala, intanet ya tsaya mana cik, na wuni ina rantse wa mutane cewa ba wayarsu ce ta lalace ba. Manhajar asibiti da ba ta aiki sai da intanet, a irin wannan rana allo ce kawai.

Wani abu kuma da nake gani kullum. Tsoho zai zo ya miƙo mini waya ya ce ɗansa ya turo kuɗi daga Duwala, in duba masa. Kafin in buɗe baki ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, rumfa cike da mutane. In gobe aka zuba tarihin ciwonsa a cikin wayar nan, haka zai miƙa wa duk wanda ya iya karatu. An yi dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, madalla, amma doka ba ta karanta wa tsoho saƙo. A yi abin da murya, da Fillanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Mafa da Tupuri da Barbarci. Gwaggona ba ta san harafi ɗaya na boko ba, amma saƙon murya a WhatsApp sai ta yi na minti 7 ba ta numfasa ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Wadda ke jinyar Baba ƙanwata ce. Ta ajiye suyar ƙosai da take ciyar da 'ya'yanta da ita. Ita ke juya shi dare da rana don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ita ke wanke zannuwa, ita ke ba shi kunu da cokali yana dalala. Wanka da kai shi bayi ni ne, saboda kunya, kuma har yau in na ɗaga shi sai ya kau da kai ya rufe ido. Innarmu tana so ta taimaka, yanar ido ta hana. 'Yan'uwanmu na nesa suna turo kuɗi ta Orange Money, Allah ya biya su, amma waya ta sa wasu sun ɗauka turo kuɗi shi ne zumunci. Ba wanda ya koya wa ƙanwata yadda ake ɗaga mai shanyewar jiki ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, da kanta ta gano, bayan ta ji ciwon. A ba jami'an lafiya na unguwa na'urar awo da waya mai layi kai tsaye zuwa ga likita, a biya su a kan kari, su riƙa leƙa gidajen da ke da tsoho a kwance suna koyar da masu jinya. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon likita, a sa jinyar tsofaffi cikin abin da ake koyarwa tun yanzu. Kuɗin kuwa, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, mu kuma har yau ba mu kai ba. Na san ba kai kaɗai ke raba kasafi ba, amma kai ne bakinmu a wurin rabon.

In aiki ya kawo ka Garwa, ka biyo ta Hausare bayan sallar Asuba, ba sai da jiniya ba. Za ka tarar da dattawa a zaure sun naɗe hannun riga, in nuna maka littafin. Na Baba yau da safe 150 a kan 90 ne, ƙwaya 9 suka rage a kwalin maganinsa, wata kuma bai ko raba ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai gyaran waya,
Hausare, Garwa.