Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Kano kan dagwalon Jakara da Chalawa

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a matsayin mazaunin Fagge wanda ya yi wayo ya tarar da rafin Jakara a buɗe, ya kuma ga yadda aka rufe wani sashensa da kankare aka shimfiɗa titi a kai. Ina roƙon ma'aikatarka ta ɗauki ingancin ruwan da ke fita daga birnin nan da muhimmancin da ake bai wa ambaliya, domin duk shekara idan damina ta kawo jiki maganar yashe magudanai kaɗai ake ji, kamar dai da zarar ruwan ya bar ƙofar gidajenmu shi ke nan an rabu da shi.

Ranka ya daɗe, ba a rabu da shi ba. Jakara tana tasowa daga cikin birni, ta kwashi ruwan kwatocin unguwanni da na kasuwanni da jinin mayanka, sannan a gaba ta haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, su zarce tare su zube a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. A bakin wannan ruwa ne 'yan lambu suke kafa injinan ban ruwa da rani, su shayar da latas da kabeji da alayyafo, washegari da asuba kayan su iso kasuwanninmu. Wanda ya zubar da baƙin mai a kwata a Sabon Gari, ba abin mamaki ba ne ya ci rabonsa a kwaɗon latas bayan 'yan makonni, ko a kifin da masunta suka kamo a Wasai. A kudancin birni ma haka zancen yake, inda dagwalon Sharaɗa da Chalawa ke gangarawa kogin Chalawa, alhali a gefen kogunan wannan yanki ne matatun ruwan Chalawa da Tamburawa suke, kuma mutanen Wudil da Haɗeja suna ƙasa suna jiran abin da muka sako musu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan masana'antun jima. Jimar zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, shi kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar yadda jini ko ƙazantar gida ke ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka, ya taru a ƙasar lambu shekara bayan shekara. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa, amma ba ya cire ƙarfe, wanke ganye kuma ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta zuƙa. Ba na neman a rufe masana'antar kowa, domin Kano da fata aka san ta tun zamanin fatake, kuma dubban gidaje da ita suke ci. Abin da nake nema shi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ya fita daga harabarta, kamar yadda dokokin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin kare muhalli, wadda aka kafa a 2007, suka tanada, sannan jami'anka su riƙa ɗibar samfuri a bakin bututu ba tare da sanarwa ba, har da tsakar dare da lokacin da ake tsuga ruwan sama, tun da a irin waɗannan lokuta ne ya fi sauƙi a saki dagwalo ya saje.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ma mazauna gari muna da namu laifin. A layinmu, da hadari ya haɗo, za ka ga yara sun fito da bokitan shara suna juyewa a kwata domin ruwa ya tafi da ita, wasu gidajen ma a lokacin suke buɗe bututun masai. Bara matasan unguwa sun yi aikin gayya, suka shiga lambatu da shebur da takalman roba, suka fito da baƙar laka mai cike da ledojin fiya wata da robobin lemo da ƙunzugun yara, suka tsibe ta a gefen titi. Kwana tara tsibin yana nan yana wari, babu motar da ta zo kwashewa, ruwan farko da ya sauka kuwa ya mayar da shi inda aka fito da shi, yaran suna tsaye a rumfa suna kallon wahalarsu tana komawa. Idan za a yi yashe, a sa ranar kwashe lakar tare da ranar yashen, a kuma ware inda za a kai ta nesa da bakin rafi.

Sai batun kududdufai. Ramukan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar ganuwa da ta gidaje su ne suka zama matattarar ruwan sama a cikin birni, suna riƙe shi ya lafa, yashi da datti su kwanta, wani ya nitse ya ciyar da rijiyoyi. An cike da yawa daga cikinsu da bola an yi gini a kai, don haka ruwan da a da yake samun wurin zama yanzu titi yake bi da ƙarfinsa da dattinsa, kuma 'yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta da ambaliyar 2022 ba. Waɗanda suka rage ya kamata ma'aikatarka da hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, su ƙidaya su, a shata iyakarsu, a hana yanka su filaye, a kuma hana mayar da su juji.

Buƙatata ta ƙarshe ita ce mafi arha. A zaɓi wurare tsayayyu a Jakara da Getsi da Wasai da Chalawa, a riƙa auna ruwansu kowane wata, da rani da damina, tare da masana na Jami'ar Bayero, a kuma sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyo kamar yadda ake sanar da farashin hatsi. 'Yan lambu da masunta ba su da wani ruwan da za su koma, saboda haka kora ba za ta yi magani ba, amma idan aka san sashen rafin da ya fi guba, a nan za a fara haƙa musu rijiyoyin burtsatse.

Ina fatan jin amsar ma'aikatarka kafin ruwan farko na bana ya sauka.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Fagge, Kano