Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, masu gyaran wasannin bidiyo.

Zan fara da maganar kuɗi, don ita ce ta cinye mini wannan shekara. Waɗanda suka cika kuɗin watansu ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Ni da ma'aji mun bi mutane ta waya, mun bi su ta zauren WhatsApp, wasu har shagunansu muka je. Amsar ba ta wuce "sai ƙarshen wata, in sha Allahu". Abin mamaki, ranar da muka saki facin gasar Najeriya, wato gyaran da muka yi wa wasan ƙwallon bidiyo na PES don saka ƙungiyoyin gida, mutanen da ba a ji ɗuriyarsu ba tun azumi su ne suka fara tambayar inda za su sauke shi, har da mai ƙorafin wai koren jesin Pillars ya yi duhu.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Babban abin da za mu yi alfahari da shi bana shi ne wannan faci da kuma gasar da muka ƙaddamar da shi bayan Babbar Sallah. Ga sababbin shiga, ya kamata ku san nauyin aikin. PES 2014 ne na ƙarshe da kamfanin Konami ya fitar wa na'urar wasa ta hannu PSP, saboda haka duk "sabon PES" ɗin da yara ke bugawa a waya ta manhajar PPSSPP, mai buɗe wasannin PSP, tsohon wasa ne da masu irin sana'armu suka yi wa kwaskwarima. Yawancin facin da ke yawo na Turai ne: Firimiyar Ingila, La Liga, sai ƙungiyoyin Saudiyya tun bayan komawar Ronaldo Al-Nassr. Mu muka ce sai an ga ƙungiyoyi 20 na gasar NPFL, wato babbar gasar ƙwallon Najeriya, a ciki, kowace da tambarinta da jesin gida da na waje.

Ba a samun waɗannan hotuna a shirye. Kwamitin zane ya riƙa tsayar da bidiyon wasanni yana ɗaukar hoto, sannan ya sake zana kowane tambari daga farko. Kowace jesi sai an fitar da hoton asali daga cikin wasan, a yi sabon zane daidai girmansa, a rubuta lambarsa cikin fayil ɗin da ke gaya wa manhajar wane hoto zai maye gurbin wane. Harafi ɗaya ya kuskure, ɗan wasa ya fito fili da tsohuwar riga. Ɗaya daga cikin ƙannenmu, wanda ko kwamfuta ba shi da ita, a waya ya zana fuskar Rabi'u Ali da ta Ahmed Musa, kuma duk wanda ya gani bai tambayi ko su wane ne ba.

Ranar gasar, gidan kallon ƙwallon da aka ba mu aro ya cika har bakin ƙofa. Mun haɗa kwamfuta da majigi, aka kawo hannayen wasa na aro. Da aka loda wasan farko, Kano Pillars da El-Kanemi Warriors, allon ya nuna kore da rawaya da tutocin "Sai Masu Gida" a bayan raga, wurin ya ɗauki sowa kamar ana Ƙofar Mata a filin Sani Abacha. Wani dattijo da ya zo ɗaukar ɗansa ya zauna bai tafi ba sai da aka gama zagayen farko, yana ta tambaya ko Turawan da suka yi wasan ne suka saka Pillars. Da aka nuna masa yaran da suka yi aikin sai ya yi ta sa musu albarka. Wasan ƙarshe ya kai bugun fenareti, kuma wanda ya ɗauki kofin da Katsina United ya buga, abin da har yau 'yan Pillars na cikinmu ba su yafe ba. Muna godiya ga mai gidan kallon da bai karɓi ko sisi ba sai kuɗin man inji, da mambobi mata da suka riƙe rajistar masu shiga.

Wannan ya sa nake jin haushi in an ce mana wasan yara muke yi. Shahararren wasan Counter-Strike gyara ne da ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life a 1999, kamfanin Valve ya saye shi a 2000. Dota ma daga wata taswira da 'yan wasa suka ƙera a cikin wasan Warcraft III ta samo asali. Brendan Greene da gyaran wasan Arma ya fara kafin PUBG ta fito a 2017. Basirar da na gani a kwamitin zane ba ta gaza ta kowa ba, kayan aiki ne babu.

Sai ayyukan da ba a kammala ba, waɗanda na san za a yi mini tambaya a kansu.

Sharhin wasa da Hausa bai fito ba. An naɗi wani ɓangare, amma sharhi ba jimla goma ba ce: kowane suna, kowane ƙorafi, kowace ƙwallo da ta bugi turke tana da nata fayil, kuma sai an yanka kowanne an daidaita tsawonsa. Ɗakin naɗar murya kuɗi yake ci, asusu kuwa kun ji halin da yake ciki. Wanda ya yi a gida, ƙarar injin maƙwabta ta shiga cikin rabin abin da ya naɗa.

A Daidaita Sahun da aka yi alkawarin sakawa cikin wasan GTA San Andreas an gina jikinta a manhajar zane ta Blender, ta yi kyau, amma tana kifewa a kowace kwana saboda ƙafa uku ce kuma ba mu daidaita nauyinta ba. Mai aikin ya tafi hidimar ƙasa. Na nemi wanda zai karɓa a zaure, shiru.

Sabunta facin zuwa kakar 2025/26 ma ya tsaya. Barau FC da Wikki Tourists sun hau babbar gasa, 'yan wasa sun sauya sheƙa, jesuna sun canza. Ga tsadar data tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuma ɗora manyan fayiloli daga aljihun mutum biyu zuwa uku yake fita. Ba zan ƙara roƙonsu su yi da kuɗinsu ba.

Akwai kuma masu tura fina-finai a waya da ke sayar da facinmu bayan sun goge sunan ƙungiya daga allon farko. Kyauta muka sake shi. Fayil ɗin gwaji da ba a ba kowa ba sai 'yan zaure shi ma ya isa hannunsu, to kowa ya san ta inda ya fita.

Shawarar shugabanni ita ce daga watan Janairun 2026 duk wanda ake bin sa bashin wata uku za a cire shi daga zauren gwaji har sai ya biya. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan a babban taro, tare da zaɓen sababbin shugabanni. Kujerar sakatare na cikin waɗanda za a cike, kuma ba zan sake tsayawa ba. Ma'aji zai zo da littafin asusu da rasit, mai son dubawa ya zo da wuri.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya