A Duba Ƙofofin Ɗakunan Wasan Kuɓuta Tun Kafin A Yi Da-Na-Sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani sabon abin shaƙatawa da ya fara shigo mana Kaduna, wato ɗakin wasan kuɓuta, wanda samari ke kira eskef rum. Na kai iyalina ɗaya a hutun ƙaramar Sallah, kuma abin da muka tarar ya wuce maganar asarar kuɗi. Ba zan faɗi sunan wurin ko unguwarsa ba, domin ba karya kasuwar kowa na zo yi ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutane kaɗan, 'yan gida ɗaya ko abokai, za su shiga ɗakin da aka ƙawata bisa wani labari, a ba su awa ɗaya. A cikin ɗakin an ɓoye makullai da lambobi da alamomi, wannan ya kai ka ga wancan, akwati ya buɗe ka sami takarda, takarda ta nuna maka lambar wani kwaɗo, har a kai ga ƙofar ƙarshe. A ƙasar Japan aka fara shi a 2007, a birnin Kyoto, a hannun wani mai suna Takao Kato. A 2011 aka buɗe irinsa a Budafes, babban birnin Hungary, daga nan ya bazu a Turai da sauran duniya. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, don haka tun da na ji labarin abin ya kwanta mini. Wasa ƙwaƙwalwa ne da ake yi da hannu da ƙafa, kuma duk abin da zai raba yaran yanzu da waya na awa guda, ya sa wa da ƙani su haɗa kai kan matsala ɗaya, ina maraba da shi.

Sannan mu faɗi gaskiya, wuraren da magidanci zai kai iyalinsa a garin nan ba su da yawa. Gamji mun je har yara sun haddace gadar Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru a 1954. Dandalin Murtala ma haka. Gidan tarihi da Gidan Arewa kuwa makaranta ta riga ta kai su, suna jin an ambata sai su ɓata fuska kamar an ce a dawo aji. Shi ya sa da babban ɗana ya kawo maganar wannan ɗaki ban ja ba.

Mu shida ne: ni, uwargida, yaranmu uku, da ɗan ƙanena da ya zo hutu daga Zariya. Kowane kai naira 5,000, babu ragi ga yaro, jimla 30,000. Mai karatu ya auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Na biya ban yi ƙorafi ba, Sallah ce. Aka karɓe wayoyinmu aka sa a akwati, wai don kada mu ɗauki hoto mu tona asirin wasan. Wannan al'ada ce a wurare da yawa da ake yin wasan, na fahimta. Aka miƙa mana oba-oba guda, aka ce in mun maƙale mu yi magana za a ba mu haske.

Labarin ɗakin na 'yan fashin teku ne. An liƙa taswirar wasu tsibirai a bango, ga ƙoƙon kan roba, ga igiya. Auta ta tambaye ni ko kogin Kaduna ne, na ce mata a'a, wannan ruwan ya fi na Gamji faɗi. Takardun umarni duk da Turanci, an buga su daga intanet yadda aka same su, har da wani kacici-kacici da ba ya warwaruwa sai ka san cewa mutanen Amurka suna fara rubuta wata kafin rana a kwanan wata. Wani kuma wasa ne da kalmomin Turanci masu amo iri ɗaya. Uwargida, wadda in ana kacici-kacici a gida babu mai kayar da ita, ta koma gefe ta naɗe hannu. Ba don ba ta jin Turanci ba, don dai abin ba da ita aka tsara shi ba.

Kayan wasan kansu sun gaji. Akwati ɗaya mun same shi a buɗe, waɗanda suka riga mu sun bar shi haka ba a mayar ba, sai muka tsallake matakai biyu ba mu sani ba, muka riƙa neman abin da muka riga muka wuce. A bayan wani hoto wani ya rubuta amsa da biro. Kwaɗon lambobi guda ya tsayar da mu tsawon lokaci. Na yi lissafin, na sake, yara suka yi nasu, amsa ɗaya muke samu, kwaɗo ya ƙi. Muka danna oba-oba, shiru, ashe batir ya mutu. Daga baya yaron da ke kula da wurin ya ce mini, "Ai Baba lambarku daidai ce, sai an ɗan jijjiga shi yake buɗewa." To, wannan darasin ba ya cikin manhajar da nake koyarwa.

Duk wannan da na haƙura, in yi dariya in ce kuɗin Sallah ne ya bi ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya.

Muna cikin fama da kwaɗon nan aka ɗauke wuta. Ɗakin ba taga, wayoyinmu na waje, ba tocila, ba fitilar ko-ta-kwana. Duhu ya rufe mu ruf, fanka ta tsaya, ga zafin bazara. Auta ta fasa kuka. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, buɗe mana ƙofa mu fita, wasan ya isa haka." Na laluba na kama hannun ƙofar da muka shigo ta cikinta, na murɗa, na tura. A kulle take daga waje, da sakata da kwaɗo. Muka buga, muka yi kira, babu mai amsawa, domin mutum ɗaya ne ke aiki a wurin, kuma ya zagaya baya tayar da janareto da makulli a aljihunsa. Janareton ya ƙi tashi da wuri. Da ya tashi, warin hayaƙinsa ya riga hasken isowa gare mu. Ina riƙe da yarinya a kafaɗa ina ce mata babu komai, alhali ni kaina na san da a ce gobara ce ta tashi, ba abin da zan iya yi wa mutum biyar ɗin da ke tare da ni in ban da salati.

Da aka buɗe muka fito, na tsaya na ƙare wa wurin kallo. Janareton yana bakin lungun da shi kaɗai ne hanyar fita, ga jarkar fetur a gefensa. Bangon da ya raba ɗakunan filawud ne, an lulluɓe shi da yadi da soso don ado. Na duba ko'ina ban ga tukunyar kashe gobara ba. Na nemi mai wurin, saurayi ne mai ladabi, ya gaishe ni har da rusunawa. Na ce masa, ɗana, me ya sa kuke kulle mutane daga waje? Ya ce, "Haba Alhaji, ai kullewar ita ce wasan. In ba a kulle ba me za a kuɓuta daga gare shi?" Ya ce ba a mayar da kuɗi, amma in mun dawo zai yi mana rabin farashi.

Wannan amsar tasa ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Bai san cewa duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka ba. Ranar 4 ga Janairun 2019, a garin Koszalin na ƙasar Poland, 'yan mata biyar 'yan shekara 15 sun shiga irin wannan ɗaki don murnar zagayowar ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu. Iskar gas ta tsiyaya daga abin ɗumama ɗaki, wuta ta kama a ɗakin jira, ta tare hanya tsakaninsu da ma'aikacin da zai buɗe musu. Babu wata ƙofar gaggawa. Hayaƙi ya kashe su duka biyar. Bayan nan hukumomin ƙasar suka bi ɗakunan wasan ɗaya bayan ɗaya, suka rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Su gas ne na ɗumama ɗaki saboda sanyi, mu fetur ne da janareto da wayoyin lantarkin da aka ja yadda aka ga dama, kuma mu ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, kullum ne.

A wuraren da suka san aikin, kullewar ta baka ce kawai. Ƙofar da aka shigo ta cikinta a buɗe ake barinta, duk wanda ya ji ba daɗi ya fita abinsa, wasan ya ci gaba. Ƙofar da ake wahalar nema dabam ce. Inda ake son a ji kamar an kulle da gaske, ana sa makullin maganaɗisu mai aiki da lantarki, wanda da zarar wuta ta yanke yake sakin ƙofa da kansa, tare da maɓalli a ciki da kowa zai iya dannawa. Ka ga irin wannan kamar don mu aka ƙera shi. Kuma dole a sami mutum zaune gaban allon kamara tun daga shigar mutane har fitarsu, ba shi ne mai karɓar kuɗi ba, ba shi ne mai janareto ba. Ɗakin da muka shiga akwai kamara a kusurwa, amma ido ba mai shi.

Na san halin da masu ƙananan sana'o'i ke ciki. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin kunna janareto kaɗai ya isa ya durƙusar da mutum, ga haya, ga haraji kala-kala. Saurayin da ya tara jarinsa ya buɗe wurin nishaɗi mai tsabta maimakon zaman kashe wando, yabo ya kamace shi. Amma cire sakata daga bayan ƙofa ba ya cin ko sisi. Fitila mai caji da tukunyar kashe gobara da matsar da janareto daga bakin hanya, duka ba su kai abin da iyali biyu ko uku za su biya a yini ɗaya ba.

Sai maganar abin da ake zubawa a cikin ɗakin, wadda a matsayina na malami ba zan iya wuce ta ba. Me ya kai mu fashin teku? Mutanen da suka tashi da "ƙulun ƙulufit", da "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", da "baba na ɗaka gemu na waje" ba su rasa kacici-kacici ba. A tsara ɗaki kan ƙofofin birnin Zazzau, Ƙofar Doka da Kuyambana da Gayan da Tukur-Tukur da sauransu, kowace ƙofa da kwaɗonta da tambayarta. A tsara wani kan ganuwar Sarauniya Amina, ko kan rijiyar Kusugu ta Daura, ko kan mutum-mutumin Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a ƙasar da yau take cikin jihar nan tamu. A ɓoye saƙo cikin rubutun ajami, kaka ta karanta, jika ya murɗa lambobi. A sa allon dara a tsakiyar ɗaki ya zama shi ne mabuɗi. Wanda ya yi haka da Hausa da Turanci gefe da gefe, makarantu za su riƙa yi masa layi da motocin ɗalibai, ni ma zan kai ajina. Kwafo takarda daga intanet ya fi sauƙi, na sani, amma wanda ya zo sau ɗaya ba ya komawa.

Wani ƙaramin abu kuma: an sa mana lokaci ƙarfe biyar, ba a shigar da mu ba sai da aka kusa shida, Magariba ta same mu a ciki. Mai sana'a a Kaduna ya kamata ya san da agogon garinsa.

Roƙona ga hukumar kashe gobara ta jiha da masu ba da izinin gine-gine da wuraren kasuwanci shi ne su san cewa irin wannan sana'a ta iso, kuma ba ta yi kama da shagon aski ko gidan kallon ƙwallo ba, domin ita kaɗai ce ake rufe mutane a ɗaki da gangan a karɓe musu waya. A kai ziyara a duba ƙofa, a duba hanyar fita, a duba inda janareto yake, kafin a bar su su karɓi kuɗin kowa. Kai ma Malam Edita, ka tura wakilinka ya shiga ɗaya a matsayin mai wasa, ya jira a rufe ƙofa, sannan ya gwada buɗe ta daga ciki ya rubuta abin da ya gani.

Iyaye kuwa, kafin ku miƙa kuɗi ku ce a nuna muku ƙofar, ku shiga ku rufe ku buɗe da hannunku. Ku tambayi wa zai zauna gaban kamara, ku roƙi a bar muku tocila ko waya ɗaya a hannun babba. In aka ce muku dokar wasa ta hana, ku kama hannun 'ya'yanku ku koma Gamji.

Na gode da wannan dama.

Mai karatunku,
Wani malamin makaranta, Kaduna.