An cire maganar iyaye daga rahoton da na rubuta, in yi shiru ko in yi magana?

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a sakaya sunana da na wurin aikina, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, shawara nake nema.

Ni budurwa ce 'yar shekara 27, haifaffiyar Kano. Na karanci tattalin arziki a Jami'ar Bayero, kuma bayan bautar ƙasa Allah Ya ba ni aiki a wata cibiya mai zaman kanta da ke nazarin manufofin gwamnati. Aikinmu shi ne mu ɗauki manufa guda, ta ilimi ko lafiya ko haraji, mu duba abin da doka ta ce, mu duba abin da aka ware a kasafin kuɗi, sannan mu bi sawu mu ga me ya isa hannun talaka. Daga nan sai a rubuta taƙaitaccen rahoto mai shawarwari a miƙa wa kwamishina ko 'yan majalisa. Ni ce ƙaramar ma'aikaciya a sashenmu. Ni ke shiga ƙauye da kwamfutar hannu ina tambayoyi, ni ke raba dare ina mayar da hirarrakin Turanci, ni ke tace alƙaluma, kuma ranar taro a otal ni ce a bakin ƙofa da takardar rubuta suna. Ban raina ko ɗaya ba, ina son aikin nan har cikin raina.

Abin da ya hana ni barci ya taso ne daga wani bincike kan dalilin da ya sa 'yan mata ke barin makaranta tun kafin su gama ƙaramar sakandare. Kin san Anti, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Kano ta sake ayyana ilimi kyauta kuma wajibi a 2019, sannan a 2024 aka sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ba zan ce ba a yi komai ba, da idona na ga ajujuwan da aka gyara. Amma a wasu daga cikin ƙananan hukumomi 44 da aka tura mu, abin da iyaye suka yi ta maimaita mini ɗaya ne: kuɗi nan, kuɗi can.

Akwai wata uwa da ba na mantawa da ita. Na same ta a tsakar gida tana suyar awara, 'yarta mai kimanin shekara goma sha biyu tana tsaye da bokiti tana jiran a zuba mata ta fita talla, alhali takwarorinta suna aji. Da na tambaye ta, sai ta ajiye matsami ta fara lissafa mini da yatsu: kuɗin tsintsiya, kuɗin alli, kuɗin jarrabawa, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga takalmi ga littafin rubutu. Ta ce, "'Yar nan, kowanne ba shi da yawa, amma 'ya'ya biyar gare ni, kuma uban ba ya da lafiya. Wa zan cire in ba mai kawo cefane ba?" Shugaban makarantar garin kuwa bai ɓoye mini ba. Ya buɗe durowarsa ya nuna mini ragowar alli, ya ce in bai karɓa a hannun iyaye ba, da aljihunsa zai saya. Ya ce, "Malama ki rubuta, amma don Allah kada ki sa sunana." Kafin kowace hira nakan karanta wa mutum takardar amincewa, in gaya masa cewa za a ɓoye sunansa kuma bayaninsa zai isa kunnen mahukunta. Da wannan alkawarin suka saki jiki da ni.

Na zauna na rubuta wannan sashe da kyau, shi ne ma ƙashin bayan rahoton. Da daftarin ya dawo daga ofishin Oga, sashen gaba ɗaya babu shi, sai layi biyu da ke cewa akwai buƙatar ƙara wayar da kan iyaye game da muhimmancin ilimin 'ya'ya mata. Anti, wannan ya fi yi mini ciwo fiye da cire sunana da aka yi daga bangon rahoton. Matar nan ta san amfanin boko sarai. Abin da ya gagare ta kuɗi ne, sai ga shi an juya laifin kanta.

Na yi ƙarfin hali na shiga wurinsa cikin ladabi. Bai yi mini tsawa ba. Ya zaunar da ni ya ce, "'Yata, ke yarinya ce. In muka buga wannan yadda kika rubuta, babu jami'in da zai zo taronmu, kuma gobe in kika je ma'aikata neman takardu, ƙofa a rufe za ki tarar. Gara a karɓi shawara ɗaya a yi aiki da ita da a watsar da goma." Ya ƙara da cewa tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a farkon 2025, ƙungiyoyi da yawa sun sallami ma'aikata, kuma masu ba mu kuɗi suna son ganin muna ɗasawa da gwamnati. Ban ce ƙarya yake yi ba. Mutum ne da ya daɗe a harkar nan, kuma bai sa a ƙirƙiri alƙaluman ƙarya ba. Sai dai zuciyata ta ƙi yarda cewa a ɗauke abu mafi girma da aka gano sannan a ci gaba da kiran takardar sakamakon bincike. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya, kuma ina tsoron abin da ke faruwa da mu ke nan.

Ga inda hannuna ya ɗaure. Ogan nan abokin karatun Babana ne, ta hanyarsa na ji labarin gurbin, duk da dai sai da na yi jarrabawa na ci. Idan na yi abin da zai ɓata masa rai, kafin magariba maganar ta isa zauren gidanmu. Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma albashina, wanda bai fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da wani abin kirki ba, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita daga Rijiyar Zaki zuwa ofis kaɗai yana cin kaso mai tsoka. Kwantiraginmu kuma na wata shida-shida ne, kuma lokacin sabuntawa ya kusa. Da na faɗa wa Umma, cewa ta yi in yi haƙuri, na gaba ya yi gaba, in na girma a aikin na rubuta abin da nake so. Ni kuma abin da ke raina shi ne, kafin in girman an aurar da yarinyar nan mai bokiti.

Wata ƙawata ta ce in miƙa wa ɗan jarida abin da na rubuta. Wannan kam ba zan yi ba. Bayanan mallakar cibiya ne, na sa hannu a kan haka, kuma duk wanda ya karanta da kyau zai iya gano garin, a je a huce a kan shugaban makarantar da ya amince da ni. Akwai kuma gurbin koyarwa da aka yi mini tayi a wata makarantar kuɗi, albashin bai kai wannan ba, amma babu irin wannan nauyin. Ga kuma sha'awar komawa digiri na biyu, inda zan iya yin bincike a kan wannan batu da sunana, sai dai ban da halin biya yanzu.

Anti, ga abin da nake son ki haska mini. Shin ya dace in sake komawa wurinsa da wata hanya, misali in roƙe shi a bar sashen ya fita daga rahoton da za a buga, amma a rubuta shi a wasiƙa ta daban a kai wa jami'an da abin ya shafa hannu da hannu? Idan ya ƙi, rashin kunya ne in rubuta wa hukumar amintattun cibiyar, ko kuwa in fara sanar da Baba ya yi masa magana a matsayin aboki? Ina gudun kada shigar Baba ta sa a riƙa yi mini kallon 'yar alfarma. Sannan idan akwai malamin addini a wannan shirin naki, ina son a tambaya mini: alkawarin da na yi wa iyayen nan da bakina, alhali ba ni ke da ikon fitar da rahoto ba, yana wuyana ko yana wuyan shugabannina? Za a gabatar da rahoton a taro nan ba da jimawa ba, kuma ni aka ce in tsara jawabin da Oga zai karanta, don haka ina roƙon a duba wasiƙata da wuri.

Allah Ya saka da alheri.

Taki,
Wata mai sauraro daga Kano